Ƙaguwa Mai Aron Gida: In Ta Shige Ƙasa, A Ƙyale Ta

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, amma a gaɓar tekun Karebiyan akwai wata halitta da duk rayuwarta a cikin aro take yin ta, kuma aron ne yake rufa mata asiri. Ƙaguwa ce, sai dai ba irin wadda masunta suka saba gani a bakin kogi ba. Kanta da ƙafafunta da hannuwanta biyu na damƙa duk suna da sulke mai tauri, amma cikinta taushi gare shi, a murɗe yake, ba abin da ke kare shi. Shi ya sa take neman katantanwar da mai ita ya mutu ya bari, ta zura cikinta da baya-baya, ta riƙa jan gidan duk inda za ta. Da ta ji motsin da ba ta yarda da shi ba, sai ta lafe ciki ta toshe ƙofa da babban hannunta na hagu.

Tun zamanin Girkawan dā masanin nan Aristotal ya yi bayanin irinta, har ya ɗauka daga laka take tsirowa. Yanzu an san ba haka ba ne. Uwar tana ɗauke da ƙwayayenta har su nuna, sannan ta gangara bakin teku ta sake su cikin ruwan gishiri. 'Ya'yan sukan yi makonni suna yawo a ruwa kafin su fito tudu, kowace ta nemi 'yar katantanwa daidai jikinta. Saboda wannan doguwar hanya ne kiwata ta hayayyafa a gida yake da matuƙar wuya. Kusan duk wadda aka gani a kanti, daga gaɓar teku aka kamo ta.

A Amurka kuwa kasuwarta ba ƙarama ba ce. A garuruwan shaƙatawa na bakin teku ana sayar da ita cikin 'yan kejina na roba, an shafa wa katantanwar fenti mai ƙyalli don jan hankalin yara. A garin Ocean City na jihar New Jersey har gasar sarauniyar kyau ake shirya mata duk shekara. Wadda aka fi sayarwa ita ce Coenobita clypeatus, mai hannu ruwan shuni, sai ta gaɓar Ekwado, Coenobita compressus. Abin da yake damuna shi ne, dabbar da kan kai shekara 30 a inda Allah Ya halicce ta, da yawansu ba sa cika shekara guda a hannun masu saye. Ba mugunta ce ke kashe su ba. Rashin sani ne, da kuma ɗoki.

Ga yadda abin yakan faru. An kawo ƙaguwa gida, yara sun kewaye akwatin gilashi suna murna. Washegari a duba, ba ta. Ta tona rairayi ta shige. A jira kwana uku, mako guda, shiru. Sai hankali ya tashi, a ce ko ta mutu, wani ya sa hannu ya tono ta. To, a nan ne ake yi mata illar da ba ta gyaruwa.

Dalilan shigarta ƙasa ba ɗaya ba ne. Sabuwar zuwa ta sha wuya: an kama ta, an cusa ta cikin buhu, an yi doguwar tafiya da ita cikin busasshiyar iska. Ƙarƙashin ƙasa akwai duhu da laima da kwanciyar hankali, can take murmurewa. Ko a daji ma da rana takan ɓoye wa zafi, sai dare ya yi ta fito kiwo. Amma babban dalili shi ne saɓa. Sulkenta ba ya girma tare da ita, dole ta tuɓe shi gaba ɗaya, har da na ƙafafu da na idanu, ta yi sabo. Kafin lokacin takan ci ta sha da yawa, ta tara ruwa da abinci a jiki, sannan ta haƙa wa kanta ɗan kogo. Duhun kogon yana taimaka wa jikinta ya fara aikin. Bayan ta tuɓe, jikin nata laushi ne tuɓus, ko tsayuwa ba ta iya yi, kuma 'yan uwanta ma na iya far mata idan suka ji ƙamshinta. Sai ta juya ta cinye tsohon sulken, don ta mayar da sinadarin alli da sabon zai yi tauri da shi. In ta taɓa rasa ƙafa, a irin wannan lokaci ne sabuwa take fitowa. Ƙarama kan gama cikin 'yan makonni, babba tana iya kai wata biyu ko uku.

Wanda ya tashi kusa da fadama ba zai yi mamaki ba. Ya san gaiwa, wadda ke shigewa cikin laka idan ruwa ya janye, ta yi rani cur a ciki, har mutane na cewa jikinta take ci kafin damina ta sauka. Ba wanda ke cewa gaiwa ta mutu don bai gan ta ba. Haka ƙaguwar nan take. Wanda ya tono ta ya rushe kogon, ya katse mata aiki a tsakiya, sau da yawa kuma ba ta tashi. Sauri ya haifi nawa. Abin da ya rage wa mai ita shi ne ya ci gaba da canza abinci da ruwa, ya sa ido, ya riƙe hannunsa.

Amma haƙuri kaɗai ba ya isa idan ba a shimfiɗa mata inda za ta shige ba. Tsakuwa da ake zubawa a kejin kanti ba ta tonuwa. Rairayi take so mai laima, gauraye da ɗan ɓawon kwakwa da aka niƙa, wanda in ka dunƙule shi a hannu zai tsaya ba tare da ruwa ya ɗiga ba. Zurfinsa kada ya gaza santimita 15, ko ninki uku na tsayin babbar cikinsu. Numfashinta kuma da irin matsefin kifi take yi, wanda sai da laima yake aiki, don haka iskar akwatin ta kasance da danshi kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, ɗumi kuma tsakanin digiri 24 da 29 a ma'aunin Salshiyos. A busasshiyar iska irin ta hunturu, a hankali take shaƙewa ba tare da an lura ba. Akwati mai murfi ne maganin wannan. Ruwa iri biyu ake ajiye mata, na daɗi wanda aka cire wa sinadarin kulorin, da na gishirin teku irin wanda masu kiwon kifin teku ke haɗawa, ba gishirin miya ba. Abinci kuwa ba ta da zaɓe: mangwaro, kwakwa, ganye, busasshen kifi, ɓawon ƙwai.

Kada kuma a bar ta ita kaɗai, domin a daji cikin taro take rayuwa. A nan ne ma halinta ya fi ba ni sha'awa. Masu bincike Randi Rotjan da Sara Lewis sun lura a wani ɗan tsibiri na ƙasar Beliz cewa idan ƙaguwa ta tarar da katantanwar da ta yi mata girma, ba ta wucewa. Takan tsaya a gefe ta jira. Wasu su zo su ma su tsaya, su jeru daga babba zuwa ƙarama. Da wadda gidan ya yi wa daidai ta iso ta shiga, sai ta kusa da ita ta faɗa wanda ta bari, ta gaba ma haka, cikin ƙiftawar ido kowa ya yi sabon ɗaki. Gida biyu maganin gobara ne, don haka mai kiwo ya ajiye katantanwa uku ko fiye ga kowace ɗaya, masu ɗan bambancin girma, kuma marasa fenti, domin fentin yana ɓarewa ta ci.

A gaɓar teku dai gidajen suna ƙaranci. 'Yan yawon buɗe ido na kwashe katantanwa, shara kuma ta maye gurbinta. Wani bincike da Jennifer Lavers ta jagoranta a 2019 ya ƙiyasta cewa sama da ƙaguwa dubu 500 ne ke mutuwa cikin kwalaben roba a tsibiran Kokos da Henderson. Ɗaya ta faɗa ta kasa fita, warin gawarta ya kira wasu masu neman gidan da ta bari, su ma su faɗa. Japan tun 1970 ta sa irin nata na tudu cikin halittun da doka ke karewa.

Musulmi ya san labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Duk abin da ka kulle a akwati, haƙƙinsa yana wuyanka, komai ƙanƙantarsa. Wanda bai saya ba tukuna, shawarata ya bar ta a bakin tekunta. Wanda kuwa ya riga ya kawo ta gida, ya zuba mata rairayi mai zurfi, ya rufe akwatin, in ta shige ƙasa ya ƙyale ta har ta fito da ƙafarta.