Yadda bangon Napoli ya tsage bayan tafiyar Spalletti

A kakar wasa ta 2022/23, ƙwallo 28 kacal aka zura a ragar Napoli cikin wasa 38 na gasar Serie A ta Italiya, kuma babu ƙungiyar da ta kai ta tsare gida a wannan kaka. Ta lashe kofin da maki 90, karo na farko tun 1990, zamanin Diego Maradona. Victor Osimhen na Najeriya ne ya fi kowa cin ƙwallo a gasar, inda ya zura 26.

Shekara guda bayan haka, an ci Napoli ƙwallo 48, ta ƙare a mataki na 10 da maki 53, ta kuma rasa gurbi a dukkan gasannin Turai. Tazarar da ke tsakaninta da Inter Milan, wadda ta karɓe kofin, ta kai maki 41.

Abin da ya ɗaure wa masu kallo kai shi ne, kusan mutanen bara ne a fili. Alex Meret na nan a raga. Kyaftin Giovanni Di Lorenzo, Amir Rrahmani, Mário Rui, Mathías Olivera da Juan Jesus duk suna nan a baya. A tsakiya ma Stanislav Lobotka, Piotr Zieliński da André-Frank Zambo Anguissa ɗan Kamaru ba su je ko'ina ba. To me ya sa mutanen da suka gagari Italiya baki ɗaya suka koma kowa na ratsa su?

Yadda Spalletti ya gina tsaronsa

Luciano Spalletti ya karɓi Napoli a 2021, ya shafe kaka biyu yana ɗora ta a kan tsarin 4-3-3. Dabararsa ta tsare gida tana farawa ne tun daga gaban ragar abokan hamayya. Napoli kan riƙe ƙwallo tsawon lokaci, domin wanda bai taɓa ƙwallo ba ba zai ci ka ba. Idan kuwa ta kuɓuce, 'yan wasan da ke kusa sukan yi wa wanda ya karɓe ta rubdugu nan take, kafin ya ɗaga kai ya ga inda zai aika ta. Osimhen ne kan fara wannan farauta, yana bin masu tsaron bayan ɗaya ɓangaren da gudu har su buga ƙwallo ba shiri.

Wannan salo na buƙatar 'yan baya su turo gaba har kusa da layin tsakiya, domin ƙungiyar ta dunƙule wuri guda, tazarar da ke tsakanin ɗan gaba da ɗan baya ta zama gajera. Haɗarinsa a bayyane yake: ana barin makeken fili tsakanin 'yan baya da mai tsaron raga. Mutum biyu ne suka riƙe wannan haɗari. Lobotka na tsayawa a gaban 'yan baya yana karɓar ƙwallo, yana rarraba ta, yana toshe hanyar tsakiya. Kim Min-jae ɗan Koriya ta Kudu, wanda aka sayo daga Fenerbahçe ta Turkiyya a 2022 domin ya maye gurbin Kalidou Koulibaly, yana da saurin da zai fito ya tari ɗan gaba tun daga nesa, ko ya juya ya cim masa idan an jefa ƙwallo ta bayansa. A ƙarshen kakar, shi aka zaɓa gwarzon mai tsaron baya na Serie A.

Tsari irin wannan ya dogara ne da saba wa juna. Idan ɗan gaba ya zabura domin matsa lamba, tilas 'yan tsakiya su biyo shi a daidai wannan lokaci, 'yan baya su ma su matso. Mutum ɗaya ya makara da taku biyu, sai ɓaraka ta buɗe. Ana samun wannan daidaito ne ta hanyar maimaita atisaye ɗaya wata da watanni a ƙarƙashin murya ɗaya.

Ginshiƙai uku sun fice lokaci guda

Makonni kaɗan bayan bikin ɗaukar kofi, Spalletti ya ajiye aiki yana cewa yana buƙatar hutu. Jaridun Italiya sun ruwaito cewa bai ji daɗin yadda mai ƙungiyar, Aurelio De Laurentiis, ya tsawaita masa kwantiragi ta wasiƙar imel ba tare da sun zauna sun tattauna ba. A watan Agustan 2023 ya zama kocin tawagar ƙasar Italiya.

A watan Yuli, daraktan wasanni Cristiano Giuntoli, wanda ya zaƙulo Kim da Khvicha Kvaratskhelia a farashi mai rahusa, ya koma Juventus. A watan ne kuma Bayern Munich ta Jamus ta biya kusan yuro miliyan 50 ta ɗauke Kim. Wato a cikin wata biyu Napoli ta rasa wanda ya zana tsarin, da wanda ke nemo mutanen da suka dace da shi, da wanda ke rufe babbar kafarsa.

A madadin Kim, an sayo Natan, matashi ɗan shekara 22 daga Red Bull Bragantino ta Brazil, wanda bai taɓa wasa a Turai ba. A madadin Spalletti kuma De Laurentiis ya ɗauko Rudi Garcia ɗan Faransa, wanda ya lashe gasar ƙasarsa da Lille a 2011, ya horar da Roma, kuma bai daɗe da rabuwa da Al-Nassr ta Saudiyya ba.

Abin da ya sauya a cikin fili

Garcia ya bar 4-3-3 a takarda, amma ya so a riƙa kai ƙwallo gaba da sauri, a nemi Osimhen kai-tsaye ba tare da dogon saƙa a tsakiya ba. Wannan ra'ayi ba laifi ba ne a karan kansa, ƙungiyoyi da dama sun ci kofi da shi. Matsalar ita ce tasirinsa a kan tsaro. Idan aka wurga doguwar ƙwallo gaba aka rasa ta, 'yan tsakiya na nesa da wurin, babu mai yin rubdugun da aka saba. Ƙungiya sai ta miƙe ta yi tsawo, 'yan gaba a can, 'yan baya a nan, Lobotka shi kaɗai a tsakanin fili mai faɗi. Su kuwa 'yan baya sun shiga tsaka-mai-wuya: su turo gaba alhali babu saurin Kim, ko su ja baya su ƙara faɗin filin.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Lazio ta je har filin Maradona ta ci 2-1, Fiorentina ta ci 3-1 a can. Alamun rashin jituwa sun fito fili a watan Satumba a wasan Bologna da aka tashi babu ci, lokacin da Osimhen ya nuna fushinsa ga kocin a bainar jama'a bayan an cire shi. Da Empoli ta doke Napoli 1-0 a gida a watan Nuwamba, aka sallami Garcia.

Koci uku a kaka ɗaya

A nan ne alƙaluma ke bayyana abin da hayaniyar lokacin ta rufe. Garcia ya jagoranci wasa 12 a gasar, an ci shi ƙwallo 13, ya tara maki 21, ya bar ƙungiyar a mataki na huɗu. Tsaron ya ragu idan aka kwatanta da na Spalletti, amma bai rushe ba tukuna.

Walter Mazzarri, wanda ya taɓa horar da Napoli daga 2009 zuwa 2013, shi ya gaje shi. An san shi da jera 'yan baya uku, amma ya fara da ƙoƙarin farfaɗo da 4-3-3 na Spalletti, daga bisani ya koma salon da ya saba. Inter ta ci 3-0 a gidan Napoli, Torino ta ci 3-0, Frosinone kuma ta fitar da ita daga Coppa Italia da ci 4-0 a gabanta magoya bayanta. A wasa 12 na gasar an ci shi ƙwallo 15. Ranar da aka sallame shi a watan Fabrairun 2024, Napoli ta riga ta karɓi ƙwallo 28 a wasa 24, adadin da ta karɓa a dukan kakar da ta gabata.

Na uku shi ne Francesco Calzona, tsohon mataimakin Spalletti, wanda ya haɗa aikin da horar da tawagar ƙasar Slovakia. An kawo shi kwana biyu kafin karawa da Barcelona a Gasar Zakarun Turai. Ya san tsarin asali fiye da kowa, amma babu lokacin sake dasa shi. A wasa 14 na gasar an ci shi ƙwallo 20. Cikin wasa 16 da ya jagoranta a dukkan gasanni, sau ɗaya tak aka tashi ba a zura wa Napoli ƙwallo ba, a ranar ƙarshe ta kaka, lokacin da ta yi canjaras babu ci da Lecce.

Kenan kowane sauyi da aka yi domin gyara ya zo da ƙarin ɓaraka. Cikin wata tara, 'yan baya ɗaya sun karɓi umarni iri uku kan inda za su tsaya, wanda za su bi, da lokacin da za su fito. Ɗan bayan da ke tsayawa ya yi tunani kafin ya ɗaga ƙafa ya riga ya makara.

Akwai wasu dalilai da suka taimaka. Osimhen ya yi jinyar rauni a ƙarshen 2023, sannan shi da Anguissa sun tafi Gasar Kofin Nahiyar Afirka a Ivory Coast a farkon 2024, inda Najeriya ta kai wasan ƙarshe. Rashin su ya raunana matsin lambar da ke kare 'yan baya. Sai dai an san ranar wannan gasa tun kafin a fara kaka, kuma aikin shugabanni ne su yi mata tanadi.

Abin da zuwan Conte ya nuna

A bazarar 2024 Napoli ta ɗauki Antonio Conte, ta naɗa Giovanni Manna daraktan wasanni, ta kuma sayo Alessandro Buongiorno daga Torino, gogaggen mai tsaron baya da ya san gasar. Farkon bai yi daɗi ba, domin Verona ta ci 3-0 a wasan farko. Amma ba a taɓa kocin ba. Conte ya gwada 'yan baya uku, ya koma huɗu da ya ga sun fi dacewa da mutanensa, ya tsaya a kai.

A ƙarshen kakar 2024/25, ƙwallo 27 aka ci Napoli, mafi ƙaranci a Serie A, kuma ƙasa da na kakar Spalletti da ɗaya. Ta lashe kofin da maki 82, maki ɗaya a gaban Inter, duk da cewa Osimhen ya tafi aro Galatasaray, an kuma sayar da Kvaratskhelia ga Paris Saint-Germain a tsakiyar kaka. Rashin wasannin Turai ya ba Conte cikakken mako na atisaye tsakanin yawancin wasanni, kuma wannan babbar dama ce. Amma Meret, Di Lorenzo, Rrahmani, Olivera, Lobotka da Anguissa, waɗanda aka yi wa kallon sun ƙare, su ne dai ƙashin bayan ƙungiyar. Salon Conte ya sha bamban da na Spalletti: ya fi ja da baya, ya fi haƙuri, bai damu da yawan riƙe ƙwallo ba. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne tsari guda bayyananne da lokacin koyar da shi.

Wa ke da alhaki?

De Laurentiis, mai shirya finafinai da ya sayi Napoli a 2004 bayan ta durƙushe da bashi, ya ɗago ta daga rukuni na uku har zuwa ƙololuwa, kuma wannan tarihi nasa ne. Amma a bazarar 2023 shi da kansa ya zaɓi koci kafin a naɗa sabon daraktan wasanni, ya kuma amince a cike gurbin gwarzon mai tsaron bayan gasar da matashin da ke buƙatar lokaci. A ƙarshen Disamban shekarar ya fito ya nemi afuwar magoya baya, ya ce laifin nasa ne.

Idan ƙwallo ta shiga raga, kyamara kan haska fuskar mai tsaron raga ko ɗan bayan da aka wuce, washegari kuma a nemi kan koci. A Napoli, shawarwarin da suka haifar da ƙarin ƙwallo 20 an yanke su ne a ofis, tun kafin a busa usur na wasan farko.