Barci ya kwashe matuƙa biyu a sararin Addis Ababa

Ƴan kasuwarmu masu bi ta Addis Ababa zuwa Dubai ko Sin, ku saurara. Ranar 15 ga Agusta 2022, jirgin Ethiopian Airlines mai lamba ET343 ya taso daga Khartum da tsakar dare. Rahotanni sun ce barci ya kwashe matuƙan biyu, jirgin yana tuƙa kansa a tsayin ƙafa 37,000. Ma'aikatan hasumiya suka yi ta kira, shiru. Sai da ya wuce filin sauka ƙararrawa ta farkar da su, bayan kimanin minti 25 suka sauka lafiya.

Kamfanin ya dakatar da su domin bincike. To amma ku da kuka san direbobin tirela masu kwana tuƙi, kun san abin tambaya: awa nawa aka ba su suka huta kafin tashin?