Sauri ko Sani: Yadda Kwamfuta Ke Buga Wasan Ces

A wannan makon mun leƙa wasan ces, darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki. Kwamfuta ta daɗe da fin mutum iya shi, amma masu haɗa manhajojin sun shafe shekaru suna jayayya a kan abu guda: wanne ya fi, hangen nesa ko sanin wasa?

Mu ɗan yi lissafi. A tsakiyar wasa, ɗan wasa yana da zaɓi kusan 30. Abokin karawarsa ma yana da amsa 30 ga kowane zaɓi, 900 ke nan. Idan kowannensu ya taka sau uku, hanyoyin sun kai miliyan 729. ('Yan ajin lissafi su gwada mana.) Ba kwamfutar da za ta bi su har ƙarshen wasa, dole ta tsaya a wani wuri ta dubi allo ta yanke hukunci: wa ke gaba?

Hukunci mafi sauƙi shi ne ƙirge: ƙaramin soja maki 1, doki 3, sarauniya 9. Wannan ba ya cin lokaci, amma ƙirge bai san cewa dokin da ya maƙale a lungu ba shi da amfani ba, bai kuma san haɗarin sarkin da ya zauna a fili ba. Ana iya koya wa manhaja duk waɗannan. Sai dai kowane darasi da aka ƙara mata yana rage mata gudu, domin sai ta maimaita shi a kan miliyoyin yanayin allo. Wadda ta cika nazari takan faɗa tarkon da ke gabanta kaɗan, mai gudu kuwa ta hango nesa ba tare da ta gane abin da ta gani ba.

Da farko sauri ne ya yi rinjaye. A 1997 na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM, mai duba yanayi kusan miliyan 200 a daƙiƙa ɗaya, ta doke zakaran duniya Garry Kasparov a birnin New York na Amurka.

A 2017 lamarin ya juya. Manhajar AlphaZero ta kamfanin DeepMind ta koyi ces ta hanyar karawa da kanta. Tana duba yanayi 80,000 kacal a daƙiƙa, ta fuskanci Stockfish mai duba miliyan 70. A wasa 100 ta ci 28, sauran 72 canjaras, ba a ci ta ko sau ɗaya ba. Wasu sun yi ƙorafin cewa sharuɗɗan karawar ba su yi wa Stockfish adalci ba, kuma a ganinmu suna da hujja. Duk da haka, a 2020 masu Stockfish da kansu suka saka mata ƙaramar ƙwaƙwalwa mai koyo domin ta riƙa yanke hukuncin. Gudunta ya ragu, ƙarfinta kuma ya ƙaru.