Daga Haƙorin Makka Zuwa Hular Haƙori: Kayan da Likita Ke Daidaita Ta da Su

Ɗalibai, ko a Gulma kuke ko Argungu, kun san haƙorin Makka, wato zinariya ko azurfar da alhazai kan dawo da ita a baki. A asibiti ma akan yi wa haƙori irin wannan hula, sai dai don magani: a rufe wanda ya karye ko ya ruɓe. Akan yi ta da ƙarfe, ko tangaran, ko wani farin abu mai tauri da ake kira zakoniya.

Sanya hular ba shi ne ƙarshen aiki ba. In ta ɗara sauran haƙora tsawo ko da kaurin gashi ne, a kanta nauyin tauna zai sauka. Daga nan sai ciwon haƙori da na muƙamuƙi, wani lokaci hular ta tsage.

Don gano wurin da ya yi tudu, likita kan ba mutum wata siririyar takarda mai launin shuɗi ko ja ya cije. Inda launin ya fi fitowa, nan za a rage. Da wani ɗan ƙarfe mai juyawa da aka lulluɓe da garin daimon ake ragewa, ana fesa ruwa don kada zafi ya lahanta haƙorin. A ma'aunin taurin ma'adinai daimon yana mataki na 10, fatar haƙori kuwa wajen 5.

Bayan nan sai gogewa da roba, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har hular ta yi santsi. Tangaran ko zakoniya da aka bari da kaushi kan riƙa cin haƙorin da ke fuskantarsa. Akan kuma zura zare tsakanin haƙora a cire ragowar simintin da aka manna hular da shi, domin yakan kumbura dasashi. Ɗaya daga cikin irin wannan siminti masana biyu, Alan Wilson da Brian Kent, suka ƙirƙiro shi a Ingila, suka bayyana shi a farkon shekarun 1970.

In hular wani a gidanku tana tokare masa baki ko ta faɗo, kada a sa magagari ko gam ɗin kanti. A adana ta, a kai wa likitan haƙori a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.