Ƙungiyar Wasan Kurket Da Ta Fi Kamfanin Da Ya Haife Ta Daraja

KAFANCHAN: A gidajen kallon ƙwallo na Kafanchan da Zonkwa da Kwoi da Kachia, matasa kan biya kuɗin shiga kowane mako domin kallon ƙungiyoyin Turai, amma da wuya a sami wani attajiri a Kudancin Kaduna da zai lissafa ƙungiyar wasa cikin kadarorinsa, kamar yadda yake lissafa rumbun citta ko motar ɗaukar kaya. Abin da aka saba gani a ƙasar nan shi ne, ƙungiyar wasa wurin kashe kuɗi ce, mai ita yana ciyar da ita don neman suna har ranar da ya gaji. A ƙasar Indiya kuwa, wadda ita ce kan gaba a duniya wajen noman citta, akwai wata ƙungiyar wasan kurket da wani kamfanin siminti ya saya a shekarar 2008, wadda bayan shekaru 14 darajarta ta zarce ta kamfanin nan. Sunanta Chennai Super Kings, kuma tarihinta abin nazari ne ga 'yan kasuwa.

Wasan kurket ba baƙo ba ne a Nijeriya ta Arewa, domin Turawan mulki sun koyar da shi a makarantu irin su Kwalejin Katsina. Ana yin sa ne tsakanin ɓangarori biyu masu mutum 11 kowanne, wani ɓangare yana jifa da ƙwallo, ɗayan yana dukanta da wani faffaɗan katako yana tara maki, sannan a yi musanya. A da wasa guda kan ɗauki kwanaki biyar. Daga baya aka fito da gajeren salo da ake kira T20, inda kowane ɓangare yake da jifa 120 kacal, a gama cikin kimanin sa'o'i uku. Wannan gajartawa ita ce ta mayar da wasan hajar talabijin.

Yadda aka yi cinikin

A farkon shekarar 2008 Hukumar Wasan Kurket ta Indiya, wato BCCI, wadda ta kafa gasar da ake kira IPL, ta yi gwanjon ikon mallakar ƙungiyoyi 8 na birane 8, ta sayar da su a kan kuɗi sama da dalar Amurka miliyan 723. Kamfanin Reliance ya ɗauki ta Mumbai a kan dala miliyan 111.9, kamfanin siminti na India Cements, ƙarƙashin shugabancin N. Srinivasan, ya ɗauki ta birnin Chennai a kan dala miliyan 91, da sharaɗin biya cikin shekaru 10.

Sharuɗɗan cinikin guda uku ne suka bambanta shi da abin da muka sani a nan gida. Na farko, babu faɗuwa zuwa rukuni na ƙasa, ko da ƙungiya ta zo ta ƙarshe kujerarta tana nan. Na biyu, hukumar ce take sayar da ikon nuna wasannin a talabijin a dunƙule, sannan ta raba wa ƙungiyoyi kasonsu. Na uku, ana sayen 'yan wasa ne ta hanyar gwanjo, kuma akwai iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta iya kashewa, don kada mai ƙarfi ya kwashe gwanaye duka. A gwanjon farko, Chennai ta sayi Mahendra Singh Dhoni, kyaftin ɗin ƙasar Indiya na gajerun wasanni a lokacin, a kan dala miliyan 1.5, wanda shi ne farashi mafi tsada a wannan gwanjo.

Shekaru takwas na farko

A kakar 2008 ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe, amma Rajasthan Royals, wadda aka saya da mafi ƙarancin kuɗi a cikin ƙungiyoyin 8, ta doke ta a jifa ta ƙarshe. A 2009 an kai gasar Afirka ta Kudu saboda babban zaɓen Indiya, inda Chennai ta tsaya a wasan kusa da na ƙarshe. A wannan shekara ce Stephen Fleming, mutumin New Zealand, ya zama mai horar da ita, kuma ya ci gaba da riƙe wannan aiki har kakar 2025.

Kofin farko ya zo a 2010, bayan ta doke Mumbai Indians, kuma a shekarar ta haɗa da kofin zakarun ƙungiyoyi na ƙasa da ƙasa a Afirka ta Kudu. A 2011 ta sake ɗaukar kofin a filinta na Chennai a hannun Royal Challengers Bangalore. Daga nan sai wasan ƙarshe ya riƙa ƙwace mata: Kolkata Knight Riders ta doke ta a 2012, Mumbai ta doke ta a 2013. A 2014 ta zo ta uku, ko da yake ta sake cin kofin zakarun ƙungiyoyi, sannan a 2015 Mumbai ta ƙara doke ta a wasan ƙarshe. Cikin kakanni 8 a jere ba ta taɓa kasa kaiwa zagayen fitar da gwani ba.

Abin kunya da dakatarwa

A cikin watan Mayu na 2013 'yan sandan Mumbai suka kama Gurunath Meiyappan, surukin Srinivasan kuma ɗaya daga cikin manyan jami'an ƙungiyar, bisa zargin caca a kan wasannin gasar. Al'amarin ya ƙara muni saboda a lokacin Srinivasan ne shugaban hukumar BCCI, wato mai ƙungiya shi ne kuma mai kula da gasa. Magana ta kai Kotun Ƙoli ta Indiya, wadda ta naɗa kwamiti ƙarƙashin tsohon Babban Alƙalin ƙasar, R. M. Lodha. A watan Yuli na 2015 kwamitin ya haramta wa Meiyappan shiga harkar kurket har iyakar rayuwarsa, ya kuma dakatar da Chennai da Rajasthan na tsawon shekaru biyu, 2016 da 2017.

A daidai wannan lokaci ne aka ɗauki matakin da ya fi kowanne muhimmanci ta fuskar kasuwanci. An cire ƙungiyar daga jikin kamfanin siminti, aka mayar da ita kamfani mai zaman kansa mai suna Chennai Super Kings Cricket Limited, aka rarraba hannun jarinsa ga masu hannun jari a India Cements. Matsin shari'a ne ya jawo hakan, amma amfaninsa ya bayyana daga baya, domin tun daga ranar ƙungiyar ta sami littafin lissafinta, da hukumar daraktocinta, da farashinta a kasuwa.

Dawowa, da hawa da sauka

Da wa'adin ya cika a 2018, ƙungiyar ta tattaro tsofaffin 'yan wasanta, har 'yan jarida suna yi mata ba'a da cewa rundunar dattawa ce. Bayan wasa ɗaya a gida, zanga-zanga a kan rabon ruwan kogin Cauvery ta sa aka mayar da sauran wasanninta birnin Pune. Mutanen Kafanchan, garin da ya tashi a mahaɗar layin dogo tun wajajen 1927, za su fahimci dabarar da shugabanninta suka yi: sun yi shatar jirgin ƙasa sukutum, suka kwashi magoya baya kimanin 1,000 daga Chennai zuwa Pune. A ƙarshen kakar ta doke Sunrisers Hyderabad ta ɗauki kofi na uku, inda Shane Watson na Ostireliya shi kaɗai ya ci maki 117.

A 2019 Mumbai ta doke ta a wasan ƙarshe da maki ɗaya tak. A 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka kai gasar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta zo ta 7 cikin 8, karo na farko ke nan da ta kasa fita daga rukuni. A 2021 ta farfaɗo ta doke Kolkata a Dubai, kofi na huɗu. A 2022, da aka ƙara yawan ƙungiyoyi zuwa 10, Dhoni ya miƙa jagoranci ga Ravindra Jadeja, amma bayan wasanni 8 aka mayar masa, ƙungiyar ta ƙare a ta 9. A 2023 ta ɗauki kofi na biyar a birnin Ahmedabad a hannun Gujarat Titans, kuma Jadeja ɗin nan ne ya ci makin nasara a jifa ta ƙarshe. A 2024, ƙarƙashin sabon kyaftin Ruturaj Gaikwad, ta zo ta 5. A 2025 ta ci wasanni 4 kawai cikin 14, ta zo ta ƙarshe a karo na farko a tarihinta. A taƙaice, daga 2008 zuwa 2025 ta buga kakanni 16, ta kai wasan ƙarshe sau 10, ta ɗauki kofi sau 5.

Inda kuɗin yake fitowa

Mai karatu zai lura cewa daga 2020 ƙungiyar tana hawa tana sauka, amma darajarta ba ta bi wannan sahu ba. Dalili shi ne kuɗin talabijin. A 2008 an sayar da ikon nuna gasar na shekaru 10 a kan kimanin dala miliyan dubu ɗaya. A 2017 kamfanin Star India ya saya na shekaru 5 a kan dala miliyan dubu 2.55. A 2022 aka sayar da na 2023 zuwa 2027, na talabijin da na intanet, a kan kimanin dala miliyan dubu 6.2. Kusan rabin wannan kuɗi ake raba wa ƙungiyoyi, abin da ya sa kowace ƙungiya take samun sama da rupi miliyan 4,000 a shekara, alhali ladan wanda ya ci kofi a 2023 rupi miliyan 200 ne. Ke nan kason da ƙungiya take samu don tana cikin gasar ya ninka ladan zakara har sau 20.

Saboda haka ne a 2021, da hukumar ta sayar da sababbin kujeru biyu, aka sayi ta Lucknow a kan kimanin dala miliyan 940, wato ninki 10 na abin da aka sayi Chennai. A watan Janairu na 2022 kuma, cinikin hannun jarin Chennai Super Kings a tsakanin masu saye da sayarwa ya kai darajarta sama da dala miliyan dubu ɗaya, ta wuce ta India Cements a kasuwar hannun jari. A 2023 rassanta suka fara buga wasa, Joburg Super Kings a Afirka ta Kudu da Texas Super Kings a Amurka. A 2024 kamfanin UltraTech ya saye India Cements, amma cinikin bai shafi ƙungiyar ba, tun da ta daɗe da fita daga gidan.

Idan aka waiwayo gida

Nijeriya ma ta taɓa samun ƙungiyar kamfanin siminti. BCC Lions ta Gboko, mallakar kamfanin simintin Binuwai, ta ci kofin zakarun kofuna na Afirka a 1990, ta kuma ci gasar ƙasa a 1994, amma da kamfanin ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi sai ƙungiyar ta bi shi. A Jihar Kaduna, Ranchers Bees, wadda ta fara a matsayin DIC Bees kafin Alhaji Muktar Aruwa ya karɓe ta, ta kai wasan ƙarshe na wannan kofi a 1988, inda Bizerte ta Tunisiya ta doke ta, sannan ta ci kofin Afirka ta Yamma a 1989, kuma a cikinta Daniel Amokachi ya fito. Kaduna United ta gwamnatin jiha ta ci kofin ƙalubale a 2010 a hannun Enyimba, amma a 2014 ta faɗi daga rukunin ƙwararru. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta rasa gwanaye ko magoya baya. Abin da suka rasa shi ne kuɗin shiga wanda bai dogara ga aljihun mutum ɗaya, ko kamfani ɗaya, ko kasafin kuɗin gwamnati ba.

Gaskiya ne cewa kasuwar talabijin ta Indiya, mai mutane sama da miliyan dubu 1.4, ba a kwatanta ta da tamu, kuma wasan kurket a Nijeriya bai kai matsayin sana'a irin wannan ba, ko da yake yana tasowa. Samari 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu a 2020, 'yan mata kuma sun doke New Zealand a irin wannan gasa a Malesiya a watan Janairu na 2025. Amma sharuɗɗan da suka tsare Chennai ba su buƙatar miliyoyin daloli kafin a yi aiki da su. Yi wa ƙungiya rajista a matsayin kamfani mai littafinsa, da sayar da talla da ikon nuni a dunƙule a raba, da ƙayyade albashi, da hana mai ƙungiya zama mai kula da gasa, duk abubuwa ne da gasar ƙananan hukumomin Jama'a da Kaura da Jaba da Zangon Kataf za ta iya rubutawa a takardar yarjejeniyarta.

Manoma da dillalan citta na wannan yanki, waɗanda cutar da ta afka wa gonaki a damanar 2023 ta yi wa mummunar ɓarna, sun san halin wanda ya rataya duk abincinsa a kan kaka guda. Chennai ta ga irin wannan muguwar kaka a 2020 da 2022 da 2025, ta kuma yi shekaru biyu ba ta buga wasa ba, amma kujerarta a gasa ba ta salwanta ba, domin masu ƙungiyoyin sun yarda tun farko cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ya kamata duk attajirin da za a kawo wa kokon bara da sunan ƙungiyar wasa a Kudancin Kaduna ya fara da neman takardar rajistarta, ya tambayi su wane ne masu hannun jari a cikinta, ya kuma nemi a nuna masa kuɗin da zai shigo mata a shekarar da ta zo ta ƙarshe.