Georges Méliès: daga rufa-idon sinima zuwa kantin alewa

Duk dodon da kuka gani a sinima, akwai gwanin da ya ƙera shi. Kakan waɗannan gwanaye shi ne Georges Méliès, ɗan Faransa. Dabararsa ita ce a tsayar da kamara, a sauya abin da ke gabanta, a ci gaba da ɗauka: sai mace ta ɓace a idon jama'a. Tsakanin 1896 da 1913 ya yi fim sama da 500. Bashi ya karya shi. A 1923 ya ƙone finafinansa da hannunsa, daga baya ya koma sayar da alewa da kayan wasan yara a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse, a Paris. Sai a 1931 gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girma, shekara bakwai kafin mutuwarsa.