Karce da Tsagewar Fentin Mota: Yadda Ake Gane Zurfinsu da Yadda Ake Gyara Su

Duk wanda ya taɓa shiga cunkoson ababen hawa a Kano ko Kaduna ya san yadda abin ke faruwa. Ɗan adaidaita sahu zai kutsa ta inda ko akuya ba za ta wuce ba, sai a ji ƙiiii, mai mota ya fito ransa a ɓace. Kafin ya ce uffan, zai lakato yawu da yatsa ya goga a wurin. In layin ya ɓace, sai a ce "Allah ya kiyaye gaba", kowa ya kama gabansa. In bai ɓace ba, magana ta koma ta gareji da kuɗi.

Wannan shafa yawun ba shirme ba ne. Masu fenti ma da irinsa suke farawa, sai dai su da ruwa suke yi. Kafin mu gane dalili, sai mun san abin da ke kwance a jikin mota.

Mu da ke kallo daga nesa, launi ɗaya muke gani. Amma motar da ta fito daga masana'anta tana ɗauke da shimfiɗa huɗu, ɗaya kan ɗaya. Ta farko ita ce mai kare ƙarfe daga tsatsa. Ana tsoma gangar jikin motar gaba ɗaya cikin wani ƙaton kwatami na fenti, a saki wutar lantarki, sai ƙwayoyin fentin su bi lantarkin su manne a kowane lungu na ƙarfen. Wanda ya yi darasin lulluɓe ƙarfe da lantarki a ajin kimiyyar sinadarai zai ga kamar ya san wannan aikin, kuma da gaskiyarsa. A kanta ake fesa firaima, wadda yawanci ruwan toka ce, don ta daidaita fuskar ƙarfen ta kuma riƙe abin da zai hau kanta. Sai launin da muke gani. Na ƙarshe shi ne kiliya, wani fenti marar launi kamar gilashi, wanda ke ba mota sheƙi yana kuma tare hasken rana kada ya cinye launin.

Duk huɗun in an haɗa, kaurinsu yakan kama tsakanin maikuron 100 zuwa 150. Maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya bisa dubu na milimita. Wato abin da ke tsakanin ƙarfen motar miliyoyin naira da ruwan damina bai fi kaurin warƙar littafin rubutunku da yawa ba.

Ina karcen ya tsaya?

Tambayar da mai fenti ke yi wa kansa ke nan. Idan karce ya tsaya a kiliya, fari-fari yake bayyana, saboda gefensa mai kaushi yana warwatsa haske. Da an zuba ruwa sai ya cike ramin, haske ya wuce sumul, layin ya ɓace har sai wurin ya bushe. Gwaji na biyu na farce ne: a ja farce a hankali ya tsallaka layin. In ya wuce bai sarƙe ba, abin da sauƙi. In ya sarƙe, karcen ya yi zurfi.

Karce marar zurfi ba a cike shi, sauke gefensa ake yi. Ana jiƙa samfefa mai laushi ƙwarai, lamba 2000 ko 3000, a goga a hankali har kewayen ya yi daidai da gindin karcen, sannan a bi da man goge fenti sheƙi ya dawo. A samfefa, ƙaramar lamba ita ce mai kaushi: lamba 80 tana cin ƙarfe, lamba 3000 kuwa da ƙyar za ku ji kaushinta a tafin hannu. Haɗarin a nan shi ne kiliya ba ta wuce maikuron 40 zuwa 50 ba. Mai garaje zai huda ta cikin ɗan lokaci, ƙaramin aiki ya zama babba. Masu cewa man goge baki yana maganin karce ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba, domin akwai ɗan gari mai kaushi a cikinsa. Amma iyakarsa 'yar gogayya ta sama-sama.

Sau da yawa ma ba karce ba ne, fentin abin da ya gogi motar ne ya manne a kanta, kamar ruwan ɗorawar adaidaita sahu a jikin farar mota. Wannan man goge fenti kaɗai ya ishe shi.

Idan aka hango ruwan toka a cikin layin, an kai firaima. Idan aka hango ƙyallin ƙarfe, nan ne ba a jira. Ƙarfe in ya haɗu da iskar oksijin da danshi sai ya yi tsatsa, ita kuma tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma. Don haka takan bi ta ƙarƙashin fentin da ke gefe tana ɗaga shi, ya yi bororo, ya ɓare, ta samu sabon wuri. Layin da aka raina a watan Mayu, kafin damina ta wuce ya zama tabo.

Aikin gareji

Gyaran karce mai zurfi yawancinsa shiri ne, feshin kansa mintoci kaɗan ne. Za a wanke wurin a cire maiƙo, a goge tsatsa har ƙarfe ya fito fes, a sassauta bakin tsohon fenti ya zama gangare maimakon gaɓa. In wurin ya lotsa, mai gyaran bodi zai buga shi ya dawo kusa da yadda yake. Abin da ya rage na rashin daidaito shi ake cikewa da fila.

Fila wani ƙulli ne mai kauri da ake haɗawa da ɗan sinadarin daskarwa, kimanin kashi 2 cikin 100. Da an cakuɗa su sai aikin sinadarai ya fara, har ƙullin ya ɗauki ɗumi, cikin 'yan mintoci ya yi tauri. A zafin bazara ya fi saurin kamawa, shi ya sa za ku ga gwani yana haɗa kaɗan-kaɗan. Bayan ya bushe sai a bi shi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, kamar 80, 180, sannan 320, kowace tana share sawun wadda ta gabace ta. Wanda ya tsallake mataki, sawun zai fito a ƙarƙashin sabon fenti bayan 'yan makonni. Gwani ba da ido yake duba wurin ba, tafin hannu yake shafawa, domin hannu na jin tudun da ido bai gani ba. Daga nan a rufe gilashi da fitilu da takarda, a fesa firaima, a sake gogewa, a fesa launi siriri-siriri sau biyu ko uku ana ɗan jira tsakaninsu, a rufe da kiliya.

A wajen fila ne ake gane mai amana. An yi shi ne don milimita biyu ko uku. Amma bugun ƙarfe yana cin lokaci, lafta fila kuwa ba wuya, don haka wasu sukan cike rami da shi kamar masu yaɓen ɗaki. Ranar karɓar mota ba wanda zai gane. Ga abin da ke biyo baya: a watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, jikin baƙar mota da ke rana kuma na iya wuce digiri 70. Ƙarfe na buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, fila ma haka, amma ba da gwargwado ɗaya ba. Kullum ana wannan ja-in-ja, ga girgizar hanya, wata rana sai fenti ya tsage.

Tsagewa tana da wasu dalilan: a fesa fenti da kauri, a ɗora wani kafin na ƙasa ya sha iska, ko a haɗa nau'i biyu da ba sa jituwa. Bamba ta roba kuma tana lanƙwasawa, in fentinta ba mai miƙewa ba ne sai ya yi tsaga kamar saƙar gizo-gizo. Ko ma mene ne dalilin, tsaga ba ta jin man gogewa, kuma in an fesa sabo a kanta za ta sake fitowa. Dole a kankare har inda ke da lafiya a faro daga can.

In za ku raka wani sayen mota 'yar Kwatano, ku tafi da ɗan maganaɗisu a naɗe cikin ƙyalle. Inda ƙarfe ke kusa zai kama sosai, inda aka lafta fila zai yi sako-sako ko ya faɗi. Sai dai ba ya aiki a kan roba ko alminiyam.

Fari ba ɗaya ba ne

Kowace mota tana da lambar launinta, yawanci a wata 'yar takarda da ke manne a bakin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet. A motocin Toyota, misali, 040 wani fari ne, 202 kuma baƙi. Amma lambar mafari ce kawai, domin motar da ta sha rana shekara goma ta riga ta kauce wa launinta na asali. Mai haɗa fenti zai ƙara ɗigon wannan da ɗigon wancan, ya fesa a guntun ƙarfe, ya kai shi rana ya kara da jikin motar. A rana ake dubawa, saboda launi biyu na iya dacewa a ƙarƙashin ƙwan lantarki su saɓa a waje. Mai ruwan azurfa ya fi kowane wahala: akwai ƙananan ɓarɓashin alminiyam a cikinsa, kuma yadda suka kwanta ya dogara da nisan bindigar feshi da ƙarfin iska. Shi ya sa ake barin sabon launi ya shiga cikin tsohon a hankali, har zuwa ƙofar da ke gefe, don kada ido ya ga iyaka.

Abin da ke shiga huhu

Da yawanku kan tafi koyon sana'a a gareji lokacin dogon hutu, a Panteka ta Kaduna, ko wajen Ƙofar Ruwa a Kano, ko a bakin titin unguwa. Muna goyon bayan haka. Amma wannan sashen shi muka fi so ku riƙe.

A farkon zamanin motoci, fenti na ɗaukar kwanaki da yawa kafin ya bushe. A 1924 kamfanin General Motors na Amurka ya fitar da motar Oakland da wani fenti mai suna Duco, na kamfanin DuPont, wanda ake fesawa ya bushe da wuri da zarar tina ta tashi ta bi iska. Fentin da ake yayi yanzu, wanda ake kira 2K, ya sha bamban: kashi biyu ne ake haɗawa, su yi aikin sinadarai su daskare. Ya fi ƙarfi, ya fi sheƙi. Amma a cikin sinadarin daskarwarsa akwai wani abu mai suna aisosayanet, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke jawo wa ma'aikata ciwon asma a duniya. Hazon feshin mafi laushi ido ba ya ganinsa, kuma yana daɗewa a iska bayan an ajiye bindiga. Mugun halinsa shi ne, in jiki ya riga ya tsane shi, ko ɗan kaɗan aka shaƙa ƙirji zai toshe, mutum ya bar sana'ar ba don yana so ba.

Ita ma tina tana sa jiri da ciwon kai, tana busar da fata, tana kuma kamawa da wuta nan take. Wasu tsofaffin fenti masu ruwan ɗorawa da ja suna ɗauke da dalma, gubar da ta kashe yara da yawa a ƙauyukan Zamfara a 2010, kuma goge su a bushe yana tayar da ƙurarta. Tun a 1989 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin fenti cikin ayyukan da ke iya jawo cutar.

A gareji da yawa za ku ji ana cewa gwangwanin madara bayan feshi yana wanke ƙirji. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take tafiya, hayaƙin kuwa huhu ya shiga. Hanyarsu ba ɗaya ba ce. Haka nan ɗaura hankici ko takunkumin asibiti ba ya tare tururin sinadari. Takunkumi mai gwangwanin gawayi yana rage tururin tina, amma ga fentin 2K, abin da hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta ce a yi amfani da shi shi ne takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta ta tiyo.

Ra'ayinmu shi ne ɗalibin da ya je hutu bai kamata ya riƙe bindigar feshi ba, bai kuma kamata ya tsaya kusa ana fesawa ba. Ba zai rasa abin koyo ba: gane zurfin karce, gugar samfefa da ruwa wadda ke kwantar da ƙura, rufe gilashi, karanta lambar launi da goge kiliya duk suna nan, kuma su ne mafi yawan aikin. Kada a wanke hannu da tina, a sa safar hannu, a kuma ci abinci nesa da wurin aiki.

Ga masu wanke motar gida da safe kuma, yawancin ƙananan layukan da ke zagaye a jikin mota ba adaidaita sahu ne ya yi su ba. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ƙwayoyin yashi da suka fi kiliya tauri. Goge ta da busasshen tsumma daidai yake da bin motar da samfefa. A fara kwarara ruwa ƙurar ta sauka, a wanke daga sama zuwa ƙasa da tsumma mai laushi, a riƙa ɗauraye shi a wani bokitin daban, tsumman taya kuma kada ya taɓa jikin motar.